Talata, a tsakar gidan Inna

Tun ƙarfe takwas na bar Samaru, sai tara da rabi na shiga cikin birnin Zariya saboda cunkoson Tudun Wada da Ƙofar Doka. Ni ɗaliba ce, ina bincike kan yadda za a sa wutar lantarki a cikin ɗinkin babbar riga. A jakata akwai ƙyallen shadda fari da mai zane ya fitar min da zanen ɗinki na aska biyu da tambari a kai, da zaren ƙarfe mai ɗaukar wuta, da batirin agogo mai bolt 3, da ƙananan fitilu biyar kamar ƙwayar wake, da mitar gwada wuta. Na sa faifan LilyPad ma, wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce mai sarrafa fitilu, wanda Leah Buechley ta ƙera a Amurka aka fara sayar da shi a 2007. Kamar bakin kofi yake, gefensa duk ƙofofi, domin ɗinka shi ake yi a jikin tufa.

Inna ƙanwar kakata ce, kuma tun ban san kaina ba nake ganinta da allura tana ɗinkin babbar riga. Na tarar da ita a tabarma, ta miƙe ƙafa. Bayan mun gaisa na miƙa mata zaren. Ta murza shi tsakanin yatsu, ta kai baki za ta tsinka kamar yadda ta saba, ya ƙi.

"'Yar nan, wannan ai waya ce. Zai ci yadi."

Gaskiyarta. Kaushi gare shi, bakinsa na tarwatsewa, ƙulli kuma ba ya zama sai an ɗiga masa jan farce. Sau huɗu muka gwada kafin ya shiga kafar allura.

Na nuna mata taswirar da na zana a kwamfuta: layi ɗaya daga batir zuwa fitila, wani layin ya dawo. Kafin azahar ta gama. Na sa batir, shiru. Na ɗora bakin mita a kan layukan biyu, ta yi ƙara, alamar sun haɗu a wani wuri. Muka juya ƙyallen. Ɗinkinta tas yake, baya kamar gaba. Taswirata ce ta sa layi ya hau kan layi a gindin aska ta biyu.

Na ce, "Inna, ku yi haƙuri, sai an warware. Waɗannan biyun ba sa son su taɓa juna."

Ta daɗe tana kallon ƙyallen. Sannan ta ce ai haka dagi yake, ɗaya ya bi sama, ɗaya ya bi ƙasa. Ta warware, ta sake ɗinki. Da ta zo mahaɗar sai ta nutsa zare ɗaya ta baya, ta bar ɗayan a gaba, shaddar ta shiga tsakaninsu, ta kuma rufe na gaban da zaren auduga har ba a ganinsa. Ta gajarta hanyar ma, ta bi gefen askar maimakon zagayen da na yi. Ban gaya mata cewa tsawon zare na rage ƙarfin wuta ba, ita dai ba ta son asarar zare. Na mayar da batir. Fitila ta kama a tsakiyar tambari, jikokinta uku suka yi tsalle. Ni kuwa sai da na ji ƙwalla, don makonni uku nake fama da wannan mahaɗa a ɗakin aiki ni kaɗai.

Muna cin dambu ta jefo tambaya: "To in an kai wa masu bugu fa?"

Wallahi ban taɓa tunawa ba. Babbar riga ba ta kammala sai an ɗora ta kan gungume an yi ta dukanta da gudumar katako har ta yi sheƙi. Bugu ɗaya ya isa ya farfasa fitilar. Ga wanki kuma. Muka tsaya kan cewa zaren kaɗai zai zauna a jikin yadi, batir da faifai da fitilu su hau wani ƙyalle daban, a haɗa su da maɓallin ƙarfe irin na rigar jarirai, wanda ake dannawa ya kama, tunda shi ma yana ɗaukar wuta.

Sai ta ƙara da cewa babu dattijon da zai tafi Idi riga na walƙiya a ƙirjinsa. Abin da ke damunta daban ne: tun da ɗinkin keke ya cika kasuwa, yaran gidan ba sa bambance aska takwas da aska biyu, ba su san linzami ba. Ta ce in abin nan zai iya magana, a yi ƙyallen da yaro zai taɓa ya ji sunan ɗinkin. Zai yiwu. Faifan na iya gane taɓawar yatsa a kan zaren, sai dai in ƙara masa ɗan abin kunna murya da lasifika. Nan take na ɗauki muryarta a waya tana faɗin sunaye goma sha ɗaya, wasunsu ban taɓa ji ba.

Na biya ta kuɗin yini kamar yadda muka yi, ta ƙi, na dage. Abin da ya tsaya min a rai a mota shi ne takardar amincewar da na karanta mata da safe, wadda ta ce za a ɓoye sunanta a rubutun bincike. Mahaɗar tata ce, tambayar bugu tata ce, ƙyalle mai magana ma ita ta kawo shi. Gobe zan sami malamina in nemi a gyara takardar, in Inna ta yarda sunanta ya fito tare da nawa. Asabar zan koma da zare mai laushi, don wannan ya ɗan yanke ta a ɗan ali.