Asabar, da bakin da ban buɗe ba

Sanyin Jos ya dawo da ƙarfinsa. Da asuba ruwan randa kamar ƙanƙara, Auta ta ce ita kam wanka sai rana ta take. Na ƙyale ta. Kunu da ƙosai, wanki rabi, wuta ta zo ta ɗauke kafin in goge zanen zumuntar matan coci.

Ƙarfe goma muka zauna taron kwamitin coci. Ni da littafin kuɗi na je, hankalina yana kan kwanon ɗakin makarantar Lahadi da ke yoyo tun damina. Maganar Koci, mai koya wa 'yan mata ƙwallon raga a bayan coci, ce ta ƙarshe a takarda, na ɗauka minti biyar za ta ci. Abin da ya roƙa ma bai taka kara ya karya ba: raga sabuwa da ƙwallo biyu. Ragar tasu kuwa, cikinta ya sauko kamar igiyar shanya, an ɗinke ramukan da zaren buhu. Ya ce ragar mata mita 2.24 ce daga ƙasa, tasu kuwa a tsakiya ko mita biyu ba ta kai ba. Shi ya sa duk ranar da yaran suka je gasa a wani fili, sai su yi ta dukan raga kamar ita ce abokiyar karawar.

Baba Dattijo ya cire tabarau, ya ajiye a kan tebur. Duk wanda ya san shi ya san abin da ke biyo bayan haka.

"Ɗana, shekara uku ke nan kana tara yaran nan a bayan coci. Mutum nawa a cikinsu suka karɓi Yesu?"

Koci ya ce, "Baba, ban ƙirga ba."

"To baikon jama'a za mu zuba a abin da ba a ƙirgawa? Na ji ma rabin 'yan matan daga tsallaken titi suke zuwa."

Tsallaken titi. Kowa a ɗakin ya gane, ba sai an ce Musulmi ba.

Yaron nan bai ɗaga murya ba. Ya ce iyayen kowace yarinya sun san shi Kirista ne, sun san yana buɗe horo da addu'a, don da ƙafarsa ya je gida gida ya faɗa musu kafin ya rubuta sunan kowa. Wadda ba ta so ta tsaya gefe, ba ya tambayarta dalili. Sai ya ƙara da abin da ni ma yau na fara ji: wasan ƙwallon raga a ƙungiyar matasa Kiristoci ta YMCA aka ƙirƙiro shi, a garin Holyoke na Amurka, a 1895, wani William Morgan ne ya tsara shi. Kuma ba don yara ba, don manyan mutane da ƙwallon kwando ya yi wa tsauri. "Watau Baba, don irinku aka yi shi tun asali."

Aka yi dariya. Baba ma ya murmusa, ya ce to sai a rubuta wa Amurkawan su aiko da raga.

Nan Fasto ya juyo wajena. "Ma'aji, me kika gani?"

Na ce, "A duba aljihu tukuna."

Ni ce aljihun. Littafin yana kan cinyata, na san abin da ke ciki har kwabo, na san ko an gyara kwano kuɗin raga ba zai gagara ba. Aka jingine maganar sai bayan Kirsimeti, aka rufe da addu'a, kowa ya ce amin har da ni.

Tun daga lokacin abin yake cina. A keke Napep na yi ta ba kaina uzuri: Baba ne ya tsaya mini a aurena, ba a musu da babba a gaban jama'a, mace ɗaya ce ni a cikin maza bakwai. Duk gaskiya ne, amma ba shi ne ya rufe mini baki ba. Ni ma na taɓa yin tambayar Baba a zuciyata, ba sau ɗaya ba. In ba wa'azi ake ba, me ya sa coci za ta biya? Sai kuma ɗayan gefen ya taso mini: da Hajiya, uwar ɗaya daga cikin 'yan matan tsallaken titin, tana bayan taga ta ji ana ƙirga 'yarta a matsayin riba ko asara, da wane ido zan kalle ta gobe? Mu da muka ga rikicin Satumban 2001, muka sake ganin na 2008, muka ga unguwanni sun rabu kowa ya koma cikin nasa, mun san ba ƙaramin abu ba ne uwa ta bar 'yarta ta tsallako titin nan da yamma, ta shiga harabar coci da gajeren hijabi da kambas. Amana ce ta ba mu. Ni kuma na ce a duba aljihu.

Da la'asar na kasa zama, na bi Auta filin. Sun ja layi da toka, mita 18 a tsawo, 9 a faɗi, iskar hunturu tana share shi suna sake ja. Ya tara su da'ira, addu'ar ko minti ɗaya ba ta kai ba. 'Yar Hajiya tana tsaye a cikinsu, idonta a buɗe, tana murza yatsu don sanyi. Ni ma nawa a buɗe yake, ita nake kallo, Allah ya gafarta mini.

Taɓi uku kowane ɓangare yake da shi, kuma ba mai taɓawa sau biyu a jere. Auta, mai son a san da ita, dole ta ɗaga wa wata ta buga. A gida ko tsintsiya ba ta miƙa wa kowa. Da aka kira magariba ya busa usur, ko maki nawa ake bai duba ba, masu salla suka kwashi takalma suka ruga.

"Mama, sannu da zuwa. Yau kin zo ganin 'yan wasanki?" Ko alamar abin safe babu a fuskarsa. Da ya ɗaure mini fuska da na fi samun sauƙi. Na zaro dubu goma cikin kuɗin adashina na ba shi, ya ce sai ya rubuta. Ya fito da wani ɗan littafi da ya sha jiki, ya sa kwanan wata da sunana, ya ce in sa hannu. Ashe dai yana ƙirga wani abu.

Maigida ya ce ai na biya, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Abin da Koci yake bukata da ƙarfe goma ba dubu goma ba ne.

Bayan isha Hajiya ta aiko da masa a kwanon nan nata mai murfi. Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Umma ta ce a tambaya, an samu ragar?" Na ce ta ce mata ana kai.

Har yanzu wuta ba ta dawo ba. Zanen zumunta yana nan a kan kujera, gobe kuma mu ke da waƙa.