Abin da ƙananan halittun ruwa suka koya mini game da kurmi

Aikin ɗibar ruwan tafkuna da rafuka don gwaji a kewayen Kaduna ya haɗa ni da wata halitta da yawancin mutane ba su san dabba ba ce. Masana suna kiranta burayozowa. In ka ɗago reshen da ya daɗe a ruwa mai kwanciya, kana iya ganin wani abu manne a jikinsa, ka ɗauka gansakuka ce. Sai ka sa shi a madubin ƙara girma za ka ga ɗaruruwan ƙananan dabbobi ne a haɗe, kowace da rawanin gashi a bakinta, tana jawo ruwa tana tace abincinta.

Ire-irensu sun kai wajen 6,000 a duniya, kusan duka a teku. Na ruwan daɗi ba su kai 100 ba. Akwai wani iri a Amurka, Pectinatella magnifica, da kan dunƙule ya fi ƙwarya girma. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dabararsu ta tsira. Suna yin wasu ƙwayoyi masu tauri da ke jure bushewa da ƙanƙara, tafki ya ƙafe da rani su kwanta a laka, damina ta sauka su farfaɗo. Tsuntsayen ruwa ma kan kai su wani tafkin.

Duk da wannan juriya, suna bukatar abin mannewa: saiwa, reshe, dutse. Ranar da aka sare itatuwan bakin rafi aka yi gawayi, ruwan sama zai kwaso ƙasa ya binne wuraren. Tun daga nan, kafin in cika kwalba, sai na fara duba abin da ke tsaye a gaɓa.

Wannan ne ya kai ni ga karanta yadda wasu ƙasashe ke tsare daji ta hannun ƙungiyoyin riƙon amanar ƙasa. A jihar Masacusets ta Amurka, Charles Eliot ya jagoranci kafa ƙungiyar The Trustees of Reservations a 1891, sannan wata ƙungiyar ta Amurka, The Nature Conservancy, ta zo a 1951. Wani lokaci su sayi kurmin kacokan. Wani lokaci mai ƙasa ya ci gaba da riƙe abinsa, amma a rubuta sharaɗin ba sara, ba gini, kuma sharaɗin ya bi ƙasar ko an sayar ko an gada. Ƙungiyoyin kan je duba wurin kowace shekara, kuma a ganina nan ne ƙarfin tsarin yake.

A nan gida lissafin ya bambanta. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, takardar mallaka yawanci ta shekara 99 ce, kuma ana iya soke ta da sunan amfanin jama'a. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari ya zama na ƙasa tun 1999, amma rashin tsaro ya hana shi sakat. Dajin Afaka da ke gefen Kaduna kuwa gari na ta matsowa gare shi. A Legas, Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya ta riƙe hekta 78 a Lekki tun 1990, gine-gine sun kewaye wurin, yana nan.

Mu kuma muna da wakafi, wanda ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara. Mun saba yinsa ga masallaci, makaranta da rijiya. Ban ga abin da zai hana mai gona a bakin rafi ya yi wakafin kurmin da ke gefenta ba, a rubuta a gaban mai unguwa da magada, a naɗa wanda zai riƙa zagaya shi, a kuma ware abin da za a biya shi.