Wai ni na kafe masa jirgi

Maganar nan ta daɗe tana cina, na kuma rasa wanda zai saurare ni daga farko har ƙarshe bai katse ni da "sai haƙuri" ba. A nan Southampton ba ni da wanda zan yi wa ita da Hausa. A gida kuwa da na ɗauko ta sai a ce in gode wa Allah, wasu na can suna neman bizar ba su samu ba. To na gode. Amma zan rubuta, ko 'yan majalisarmu ta Tudun Wada sa karanta.

Aikina wayarin ne a jiragen ruwa na shaƙatawa, a wani wurin gyara da ke bakin kogin Hamble. Ba manyan jiragen dakon kaya ba, waɗanda Kawu yake gaya wa mutane a wurin ɗaurin aure cewa ni ke tuƙa su. Ƙananan jirage ne na masu hali da tsofaffin da suka yi ritaya, su fita ranar Asabar su sha iska su dawo. Abin da na fi sakawa shi ne fulota, wani allo mai ɗauke da taswirar teku, yana karɓar GPS ya nuna maka inda jirginka yake, inda ya dosa, gudunsa, da zurfin ruwan da ke ƙarƙashinka. Garmin, Raymarine, Simrad, B&G, duk sun bi ta hannuna.

Kuma ba a nan na koyi aiki ba. Takarda na samo ta a Kaduna Poly, hannu kuwa a Panteka ya faɗa, sannan na yi shekaru ina haɗa sola da inbata a gidajen Malali da Unguwar Rimi. Batir mai volt 12 na jirgi shi ne dai wanda na sani tun can. Sabon abu ɗaya ne, gishiri. Wayar jan ƙarfen da za ta shekara goma a bangon gida lafiya lau, iskar teku za ta mayar da ita kore ta ruɓar da ita, don haka a jirgi sai waya mai rufin kuza, kuma ba a murɗa baki biyu a naɗe da tef. Matsewa ake yi, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi.

Mutumin da nake magana a kansa ya kawo jirgi mai tafiya da iska, sabon saye a hannun wani. Tun ranar farko da ya gan ni da dirila a hannu ya tambayi maigidana, a gabana, ko ba wani da zai yi aikin. Sannan ya juyo ya tambaye ni ko ƙasarmu akwai teku. Na ce akwai, amma tsakanin garinmu da ita tafiyar yini guda ce a mota. Ya yi dariya, ni ma na taya shi, tunda abinci nake nema.

Na yi masa aikin da ko jirgin mahaifina ne iyakar abin da zan yi ke nan. Na auna tazarar allon da kamfas ɗin jirgi kamar yadda littafin na'urar ya ce, don kada maganaɗisun cikinta ya karkatar da allurar. Na ja wuta daga allon rabon wuta, na sa fiyus daidai da abin da aka rubuta. Na shimfiɗa layin NMEA 2000, wato babbar waya guda da kowace na'ura ke rataya a jikinta: fulota, ma'aunin zurfi, ma'aunin iska, da matuƙi mai sarrafa kansa. Kowane ƙarshe na layin akwai toshi mai ohm 120, in ka kashe wuta ka ɗora mita tsakanin farar waya da shuɗiya dole ka ga 60. Na gani. Ma'aunin zurfi daga jikinsa yake fara lissafi, alhali ƙarfen da ke hana jirgin kifewa ya zarce shi ƙasa da fiye da mita ɗaya, sai na gyara lissafin ya koma nuna ruwan da ya rage a ƙarƙashin ƙarfen. Na sa ƙararrawar da za ta yi kuka in ruwa ya yi ƙasa. Na zauna zan nuna masa yadda ake tsara hanya, ya ce min yana sauri, ya saba da taswirar mota.

A ƙasar nan, in jirginka ne na kanka ba haya kake yi da shi ba, ba mai tambayar ka lasisi kafin ka shiga teku. Har yau abin na ba ni mamaki a wurin mutanen da ko tsani za ka hau sai an cika takarda.

Ranar Litinin na shigo aiki na tarar ana jirana. Wai ya fita zai tsallaka Cowes, a tsibirin Wight, jirgin ya hau tudun yashin Bramble ya kafe, ruwa ya janye ya bar su a karkace da matarsa da baƙinsa, suna kallon jirage na wucewa ana ɗaukar su hoto, har sai da teku ta sake cika. Kuma wai na'urar da na saka ce ta yi masa ƙarya. Yana magana da maigidana, yana nuna ni da haɓa, ko sunana bai kama ba. "Yaron nan naku," haka yake cewa, ni da nake da mata da 'ya.

Duk wanda ya yi wata guda a Solent, wato mashigin tekun da ya raba tsibirin Wight da gaɓar Ingila, ya san Bramble. A tsakiyar ruwa yake, tsakanin bakin mashigar Southampton da Cowes. In teku ta yi babbar janyewa yashin fitowa yake yi fili, har akwai ƙungiyoyin masu jirage biyu da ke zuwa sau ɗaya a shekara su buga wasan kurket a kansa kafin ruwa ya dawo ya kore su. Katafaren jirgin nan QE2 ya taɓa kafewa a wurin a Nuwamban 2008, a zuwansa na ƙarshe Southampton. A Janairun 2015 kuma da gangan aka ɗora jirgin dakon motoci Hoegh Osaka a kai, da ya karkace yana neman kifewa. A taswira an shafa wa wurin kalar da ke nufin yana bushewa. Ruwan yankin kan hau ya sauka da kusan mita 4 a lokacin babbar cika, shi ya sa inda ka wuce lafiya da safe kan zama tudu da azahar.

Ban ce uffan ba. Na roƙi maigidana mu je jirgin, mu ukun. Fulota tana ajiye sawun duk inda jirgi ya bi, sai na buɗe. Ga shi nan, layi miƙaƙƙe sambal daga bakin Hamble zuwa Cowes. Ya dangwala yatsa a kan Cowes ya ce wa na'ura ta kai shi, ita kuwa in ka ba ta wannan umarnin layi kawai take ja tsakanin wuri biyu, ba ruwanta da abin da ke tsakani. Ya damƙa wa matuƙin atomatik, shi ma ya bi layin. Ko yaron da ke tuƙa Keke Napep ya san in za ka Barnawa daga Unguwar Rimi ba ka miƙewa kai tsaye, sai ka nemi gada, in ba haka ba kogin Kaduna za ka faɗa. Na shiga wurin ƙararrawa, a kashe take. Da bakinsa ya ce ta dame shi da kuka tun a matsaya, inda ruwa ba zurfi, shi ne ya kashe ta. Inda sawun ya tsaya kuma daidai kan tudun ne, wato na'urar ta faɗa masa gaskiya har lokacin da ya ji ƙasa.

A wannan minti ɗin, wallahi, na ji kaina ya yi girma. Ɗan Tudun Wada, wanda bai taɓa shiga ko kwale-kwalen da ke tsallaka mutane a bayan Gamji ba sai da ya girma, shi ke karanta wa Bature tekun garinsu.

Sai me? Ya kalli allon, ya ce ya kamata a ce irin waɗannan na'urori sun fi haka wayo. Ya juya ya kama hira da maigidana a kan fentin ƙasan jirgin da ya goge. Maigida ya ce zai yi masa ragi a kuɗin fentin. Suka yi musabaha. Ni ina tsaye da mita a hannu. Da muka koma maigida ya dafa kafaɗata ya ce aiki ya yi kyau, ya wuce ofis. Ba wanda ya ce min yi haƙuri. A wurinmu ko babba ne ya yi maka ƙazafi gaskiya ta fito, in girman kai ya hana shi zuwa, zai aiko wani, ko ya tare ka bayan sallar Magariba ya tambaye ka mutanen gida da wata murya da kai ma ka san ban-haƙuri ce. A nan magana ta mutu ke nan. Da mutumin ya sake kawo jirgin a saka masa AIS, na'urar da ke nuna sauran jiragen da ke kusa, wani ya ce a ba, ba ni ba.

Daren na kira gida. Na fara ba Umma labari, ina kaiwa wurin da jirgi ya kafe ta saki salati, ta ɗauka ina ciki. Daga nan ba ta ƙara jin komai ba. Ta kawo min jirgin da ya kife a Warrah ta jihar Kebbi a 2021, ta kawo na Bagwai da ya ci 'yan Islamiyya a shekarar, ta ce ruwa ba sa'an kwando ba ne, in nemi aikin tudu. Na ce Umma, yawancin aikina jirgin na ɗaure ne ko an ɗaga shi kan ƙasa. Ta ce ita dai ta faɗa min. Tun ranar duk Juma'a sai ta yi sadakar waina da sunana.

Baba ya karɓi wayar. Shi ya yi aikin masaƙa a Kakuri har aka rufe ta a 2007, ya san zaman ƙarƙashin wani. Ya saurara tsaf, na ce yau na samu wanda zai gane.

"An rage maka albashi?"

"A'a, Baba."

"An kore ka?"

"A'a."

"To mene ne abin ɓacin rai? Ka ci gaba da aikinka."

Ya miƙa wa ƙanena, shi kuma ko gaisuwa bai gama ba ya shiga maganar filin Rigasa. Wai maƙwabci ya shigo mana da kusan taku biyu da ya zo zagaye nasa, bulo ya ƙara kuɗi, in ba a tayar da katanga kafin damina ba za a sake shigowa. Na ce ya tsaya a kusurwowin filin huɗu da wayarsa ya turo min lambobin GPS, in ajiye, ko banza a samu abin nunawa kafin a kira mai safiyo. Ya ce Yaya, ba lambobi ake so ba, siminti ake so.

Matata ce kaɗai ta ji labarin har ƙarshe, ita ma a guntu-guntu, don yarinyar na fizgar wayar tana so ta nuna min haƙorin da ya fita. Da na gama ta ce, "Allah ya isar maka," na ji sanyi ƙwarai. Sai ta ce gara in sani tun yanzu, Umma ta fara cewa in har kan ruwa za a kai mata jika, ba da yawunta ba. Takardun tahowarsu kuma na nan ana jira, kuɗin da ake nema mutum ya nuna yana samu an ƙara shi a 2024, ni kuma ina lissafi kullum. Ta ce ita ba za ta iya yi wa Umma gardama ba, ni in san yadda zan yi.

Na tura kuɗin siminti. Na ce wa ƙanen nawa ya fara da ɓangaren maƙwabcin, ya kuma tafi da Kawu ranar da za a ja igiya, tunda shi aka fi jin nauyi a unguwar. Maganar Umma na bar wa Yaya Babba, ita take iya shawo kanta, amma ta ce sai bayan bikin ɗiyarta, ta kuma tuna min gudummawata ba ta iso ba.