Daga Awon 3-4-5 Zuwa Tsawon Rafta: Inda Muka Kai

'Yan uwa masu koyon gini da kafinta, awon 3-4-5 ya zauna mana yanzu: mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan, idan tsakaninsu ya ba da mita 5 cif, kusurwar ta zama sukwaya, wato digiri 90. Sai dai ɗakuna ba sa zuwa da waɗannan lambobi masu daɗi, don haka muka shiga fitar da tushen lamba (lambar da idan an ninka ta da kanta za ta ba da wadda ke hannu), wato maɓallin √ ɗin nan na kalkuleta.

Ƙa'idar ɗaya ce, wadda ake dangantawa da Fitagoras, masanin lissafin Girka na dā. A alwatikar da ke da kusurwar digiri 90, a ninka kowanne daga gajerun ɓangarorin biyu da kansa, a tara su, a fitar da tushen jimlar. Abin da ya fito shi ne dogon ɓangaren da ke fuskantar kusurwar.

Mu ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 da ƙafa 14 ana shirin haƙa harsashi. 12 sau 12 ya ba da 144, 14 sau 14 ya ba da 196, jimla 340, tushenta 18.44. A nan mutane da yawa ke zamewa. Wannan .44 ba inci 44 ba ne, ba kuma inci 4 ba ne, yanki ne na ƙafa ɗaya. A ninka shi da 12, zai ba da inci 5 da kwata ko kusa da haka. To daga fegin kusurwa zuwa fegin da ke karkace da shi, tef ya nuna ƙafa 18 da inci 5 da kwata. A auna ɗaya karkatar ma. Idan biyun ba su zo daidai ba, ɗakin ya goce, kuma mai tayil ne zai sha wahalar a ƙarshe. A ja tef ɗin ya miƙe sosai, domin wanda ya yi ciki yana ƙara tsawon da babu shi.

Idan waya ta mutu a wurin aiki, lissafin bai mutu ba. 18 sau 18 shi ne 324, 19 sau 19 kuma 361, ke nan amsar tana tsakani. A zaɓi 18.5, a raba 340 da shi, za a samu 18.38. A tara 18.5 da 18.38, a raba biyu: 18.44. Zagaye ɗaya ya wadatar ga aikin gini. Ina ganin kowane mai koyo ya kamata ya iya wannan da fensir a jikin katako.

Rufi shi ne inda lissafin ke tsare aljihu. Ɗaki mai faɗin mita 6, ana son tsinin rufin ya tashi mita 1.2. Rabin faɗin ake ɗauka, mita 3, domin rafta, wato katakon da ke gangarowa daga tsini zuwa bango, a tsakiya take tsayawa. 3 sau 3 ya ba da 9, 1.2 sau 1.2 ya ba da 1.44, jimla 10.44, tushe 3.23. Kada a fitar da tushen kowanne daban sannan a tara, hakan zai mayar da kai 4.2, asarar kusan mita guda a kowace rafta.

Wannan 3.23 daga tsini zuwa bango ne kawai, ba a sa fitar baki ba. Kowace mita ɗaya a kwance tana cin mita 1.077 a kan wannan gangara, wato 3.23 a raba da 3. Idan ana son bakin kwano ya fita santimita 60 don kare bango daga ruwan damina, kwancen ya zama 3.6, rafta kuma 3.88. Katako mai ƙafa 12 bai wuce mita 3.66 ba, saboda haka ba zai kai ba. Ko dai a yi haɗi a kan bango inda akwai abin tokare, ko a rage fitar zuwa santimita 35, rafta ta dawo 3.61. Gara a san wannan kafin a je 'yan katako.

Idan kuma dogon ɓangaren ne a hannu, ana neman gajere, debewa ake yi. Tsani mai mita 4, gindinsa na nesa da bango mita 1: 16 a debe 1 saura 15, tushe 3.87, nan ne kansa zai taɓa. Kalkuleta idan ta ƙi ba da amsa, an debe babba daga ƙarami ne, a juya su.

Abin da za mu gwada kafin zama na gaba: ɗaki mai mita 3.6 da 4.2. A fitar da karkatarsa da hannu tukuna, sannan a duba da kalkuleta, ya kamata a samu 5.53. Kuma kada a gauraya ƙafa da mita a lissafi ɗaya, tef ɗinmu yana da duka biyun, a zaɓi gefe ɗaya tun farko.