Allurar insulin ga kyanwa mai ciwon suga: inda aka fi tafka kuskure

Kyanwar da take shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsarinta ya yi yawa, tana cin abinci sosai amma sai ramewa take yi, ciwon suga ne likitan dabbobi zai fara zargi. An fi ganinsa a muzuru mai ƙiba da ya manyanta, ko wanda ya daɗe yana shan maganin kumburi irin su prednisolone. Idan gwaji ya tabbatar, sai allurar insulin, maganin da ke sauke suga, sau biyu a rana, awa 12 tsakani. Likitoci kan fara da kaɗan, yawanci yunit 1 a kowace allura, ko yunit 0.25 zuwa 0.5 ga kowane kilo na nauyinta.

Kafin komai, a duba kwalba a duba sirinji. Insulin ɗin da aka yi don dabbobi, kamar ProZinc da Caninsulin, U-40 ne, wato yunit 40 a kowace mililita. Na mutane da ake yi wa kyanwa, Lantus, U-100 ne. Kowanne da sirinjinsa. Idan ka ja Lantus da sirinjin U-40 zuwa layin yunit 2, yunit 5 ka zuba mata, ninki biyu da rabi, kuma wannan ya isa ya kashe ta. Idan ka juya, ka ja U-40 da sirinjin U-100, ƙasa da rabin abin da ake so za ta samu, sai ka yi ta mamakin yadda suga ya ƙi sauka. Mai kemis ba lallai ya san kyanwa za a yi wa ba, don haka kai ne za ka karanta lambar da idonka. Lantus garau yake kamar ruwa, ba a girgiza shi. ProZinc fari-fari ne, mirgina shi ake yi a hankali tsakanin tafin hannu har ya gauraya.

A ba ta abinci tukuna, a ga ta ci. Sai a kama fatar gefen ƙirji ko bayan kafaɗa da yatsu biyu a ɗaga, a soka allurar a ƙarƙashin fata, a riƙa sauya wuri. Wani lokaci allurar kan huda ta fito ta ɗaya gefen, ka shafa ka ji gashin ya jiƙe. Kada ka sake yi. Ba ka san nawa ya shiga ba, kuma suga ya yi sama na rabin yini ya fi sauƙi a kan ya faɗi warwas.

Faɗuwar suga ita ce abin tsoro. Ƙasa da 60 mg/dL (kusan 3.3 mmol/L) a na'urar gwajin suga, kyanwa kan fara tangaɗi, jiki ya mutu, ta yi zuru, wani lokaci ta kama jijjiga. A lakaci zuma da yatsa a shafa mata a dasashi nan take, ba a ɗura mata ruwa idan ba ta iya haɗiya. Ta farfaɗo, a ba ta abinci, a garzaya asibitin dabbobi, domin insulin ɗin yana nan yana aiki bayan zumar ta ƙare. Ranar da ta ƙi cin abinci ko tana amai, a tuntuɓi likita kafin allura. Idan kuma ga kasala da ƙin ci ga suga a sama, a gwada fitsari da takardar gwajin ketone, wani sinadari da ke fita a fitsari idan ciwon ya tsananta, domin wannan yanayin na kwanciya asibiti ne.

Gwaji a gida ya fi na asibiti faɗin gaskiya, saboda tsoro kaɗai kan ɗaga sugan kyanwa. A ɗumama gefen kunne da tsumma mai ɗumi, a ɗan soka jijiyar da ke bin bakin kunnen, ɗigon jini ɗaya ya isa. Na'urar gwajin suga ta mutane kan nuna ƙasa da ainihin sugan kyanwa, a sa wannan a lissafi. Gwaji ɗaya ba ya sa a ƙara magani. Abin da ake nema shi ne mafi ƙarancin da suga ke kaiwa tsakanin allura da allura, sai an gwada kowane awa 2 zuwa 3 a yini guda za a gane. Ana so ya tsaya tsakanin 80 da 150, sauran yinin kuma ƙasa da 250 zuwa 300. Bayan kowane sauyi a jira kwana 5 zuwa 7, ƙari kuma rabin yunit ne, da yardar likita.

Tuwo, shinkafa da burodi ba abincin mai wannan ciwo ba ne. Nama da abincin gwangwani mai ƙarancin sitaci ake so. Sai dai sauya abinci kan sauke suga da sauri, har wasu kyanwoyin su daina bukatar insulin, don haka a tsananta gwaji a wannan makon.

Kwalbar insulin kuwa a firij take zama, digiri 2 zuwa 8, ba a sashen ƙanƙara ba. Wadda ta daskare ta lalace. Inda wuta ba ta da tabbas, a sa ta a roba mai murfi a ajiye cikin randa mai ruwa a inuwa. Lantus da aka buɗe na jure ƙasa da digiri 30 har kwana 28, amma zafin bazara ya wuce haka. Idan suga ya fara hawa ba dalili, a gwada sabuwar kwalba kafin a taɓa adadin yunit.