Haƙoran roba a Maraɗi: aikin teburi da aikin cikin baki

Yawancin masu shigowa ɗakin ƙera haƙora a Maraɗi da magana ɗaya suke zuwa: "Malam, a taimaka a sa mini haƙori yau, jibi muna da biki." Wani giɓi ɗaya gare shi a gaba, wani kuma baki ya yi wayam, daga kunu sai fura. Amsar mai sana'ar da ya san aikinsa ita ce: "Baba, ina takardar likitan haƙori?" Da yawa suna jin haushin tambayar, suna ɗauka hanya ce ta ƙara musu kashe kuɗi, alhali ga wani can bakin kasuwa da zai gama musu kafin la'asar. Wannan tambayar ita ce ginshiƙin sana'ar, kuma ya kamata mai biyan kuɗi ya san dalilinta.

Wanda ake sa wa haƙorin abu ɗaya yake gani, amma aikin kashi biyu ne. Akwai na cikin baki: dubawa, gano cuta, allurar kashe zafi, cire haƙori, feƙe haƙori mai rai, ɗaukar awon dasashi, gwadawa da sanyawa. Akwai kuma na teburi: zuba platir (farin gari mai daskarewa in an kwaɓa shi da ruwa), jera haƙora a kan kaki, dafa rezin (sinadarin da ke zama robar haƙoran), kankarewa da gogewa. Tsarin da Nijar ta gada daga Faransa ya ba likitan haƙori kashi na farko, mu masu labo, wato ɗakin ƙera haƙora, muna da na biyu, muna aiki bisa abin da ya rubuto. A Faransa kanta, mai ƙera haƙorin da ya sa hannu a bakin mutum, ko da awo kawai ya ɗauka, kotu tana ɗaukar ya yi aikin likita ba da izini ba. A nan gida likitocin haƙori suna da rajista a ƙungiyar da doka ta kafa musu, kuma tun dokar 1998 kan aikin lafiya mai zaman kansa, buɗe wurin kula da lafiyar jama'a sai da izinin ma'aikatar lafiya. Patantin da ake biya haraji ne. Biyansa bai ba kowa damar taɓa bakin mutum ba, ko da an rataye takardar a bango.

Dalilin wannan iyaka yana ƙarƙashin dasashi. Haƙorin da ya karye shekaru biyar baya, saiwarsa kan nutse nama ya rufe ta, ido ba ya gani, sai hoton radiyo. A ɗora roba a kanta, nauyin tauna ya riƙa danna ta, wata ɗaya ko biyu kunci ya kumbura da ruwan ciwo. Akwai gyambon baki da mutum zai ce zafi ne, alhali ya haura mako biyu bai warke ba, gefensa ya yi tauri. Irin wannan, musamman ga mai zuba taba a leɓe, likita ne zai duba ko ciwon daji ne, kuma rufe shi da roba ɓata lokacin da ya fi kowane tsada ne. Mai ciwon sukari rauninsa ba ya saurin warkewa. Mai hawan jini ko mai shan maganin tsinka jini, cire masa haƙori a kan benci kasada ce da rai. Ba a koya mana gane waɗannan ba. Abin da aka koya mana daban ne, kuma shi ma ba ƙaramin ilimi ba ne.

Sai maganar lokaci. Bayan an cire haƙori ƙashin muƙamuƙi yana zaizayewa, kuma ya fi sauri a wata uku zuwa shida na farko. Shi ya sa ake jira aƙalla mako shida zuwa takwas kafin awon haƙoran dindindin. Wanda ba zai iya zama da giɓi ba ana yi masa na wucin gadi, amma a gaya masa tun farko cewa zai saki, sai an sake cika cikinsa.

Aikinmu yana farawa ne daga awon da likita ya ɗauka da aljinat, garin nan da ake kwaɓawa ya daskare kamar roba mai laushi. Yanayin Maraɗi ba ya ragar masa. A watan Afrilu da Mayu ruwan famfo kansa da ɗumi yake fitowa, aljinat kuwa da ruwan ɗumi yana daskarewa kafin a kai shi baki, don haka da ruwan sanyi ake kwaɓa shi. A lokacin hunturu matsalar ta juye: iska busasshiya tana tsotse ruwansa, awon ya ƙanƙance. A bar shi rabin awa a buɗe kan teburi, za a ga gefensa ya yi fari ya fara janyewa daga faranti, kamar bakin tabki a watan bazara. Wanda ya jefa shi cikin kofin ruwa don gudun haka shi ma ya ɓata, don kumbura zai yi. Daidai shi ne a ɗauraye yawu da jini, a fesa ruwan jabel mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100, a ɗaure cikin leda minti 10, a sake ɗaurayewa, a zuba platir cikin kusan minti 15 da fitowarsa daga baki. Idan tsakanin asibiti da labo tafiyar kabu-kabu ce, a naɗe da ƙyalle mai danshi cikin leda. Idan daga Tasawa, Dakoro ko Madarunfa ne, a zuba platir a can, a aiko da samfurin da ya riga ya bushe. Awon aljinat da ya kwana a mota ba shi da sauran amfani.

Platir ma da awo ake kwaɓa shi, ba da ido ba. Farin mai laushi yana ɗaukar kusan mililita 50 na ruwa a giram 100, mai tauri kuma kusan mililita 30. Gari ake zubawa cikin ruwa, a girgiza kumfa ta fita, a jira minti 45 zuwa awa ɗaya kafin a zare. Ruwa ya yi yawa, samfurin ya riƙa gugewa a hannu. Kumfa ɗaya ta maƙale a kan tudun dasashi, ta zama ƙurji a cikin robar da zai riƙa sukar mai ita. A kan wannan samfuri muke yin farantin awo na mutum shi kaɗai, likita ya ɗauki awo na biyu wanda ya kai har lungunan kunci da ƙarƙashin harshe. Haƙoran sama duka ba manne ke riƙe su ba, rufewar gefe ce da yawu, kamar yadda kofi ke kama leɓe idan an zuƙe iskarsa. Gefen ya gaza da milimita biyu, sai ya faɗo da an yi dariya.

Daga nan sai tudun kaki, wanda likita ke gwada tsayin cizo da shi. Mutum in yana zaune bai magana, haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa, akwai tazarar milimita 2 zuwa 4. A cinye wannan tazarar, haƙora su riƙa ƙwas-ƙwas yayin magana, dasashi ya yi tsami ko'ina. A bar ta da yawa, haɓa ta matso hanci, gefen baki ya riƙa tsagewa. Muna jera haƙora 28, sha huɗu sama sha huɗu ƙasa, turamen ƙasa a kan tsakiyar tudun ƙashi don kada robar ta riƙa tashi. Gwaji a kan kaki shi ne zangon ƙarshe da gyara ke da arha. Hajiya ta dubi madubi da kyau a ranar, ta zo da ɗiyarta ko ƙanwarta su faɗi gaskiya, domin bayan an dafa, canza launi ko tsayi sabon aiki ne. Mutane suna son fari fat, amma dattijon da ya shekara arba'in yana cin goro, in an sa masa fari tas kusa da nasa na asali, daga nesa za a gane.

Dafawa ce ke raba mai haƙuri da mai gaggawa. Ana binne aikin cikin akwatin ƙarfe da platir, a tsoma a tafasasshen ruwa kamar minti biyar kaki ya yi laushi, a buɗe a wanke shi sarai, a shafa maganin raba platir da rezin. Rezin awo uku na gari ne da awo ɗaya na ruwansa. Da farko yana kama da jiƙaƙƙen yashi, sai ya fara yauƙi kamar kuɓewa, sannan ya zama ƙulli da ba ya manne wa yatsa. A wannan lokacin ake cusa shi a matse, kuma da zafinmu lokacin gajere ne ƙwarai. Sai a dafa a digiri 74 na awa takwas, ko awa biyu a digiri 74 sannan awa ɗaya a tafasa. Wanda ya jefa akwatin kai tsaye cikin tafasasshen ruwa ya jawo wa kansa: ruwan rezin yana tafasa kaɗan sama da digiri 100, haɗuwarsa da gari kuma tana haifar da nata zafin, sai cikin wurare masu kauri ya cika da ƙananan ramuka. Nan robar ke karyewa, nan abinci ke shiga ya yi wari. Saboda ɗaukewar wuta, gara murhun gas da ma'aunin zafi a cikin tukunya. In an sauke, a bar akwatin ya huce da kansa rabin awa kafin ya ga ruwan sanyi, in ba haka ba robar ta murɗe.

Duk wannan yana cin zuwa huɗu ko biyar wurin likita da kwanaki a labo. Mai yi a yini ɗaya rezin mai daskarewa da kansa yake amfani da shi, wanda aka yi don gyaran karaya. Ragowar ruwan sinadarin da ke cikinsa kan kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100, na dafawa kuwa bai fi rabin kashi ɗaya ba, kuma wannan ragowar ce ke ƙona baki. Mafi muni shi ne wanda ake kwaɓawa a cusa cikin giɓi yana ɗanye, a ɗaure da waya a haƙoran gefe, a ce wa mutum an yi masa na dindindin. Idan likita ya yanke irin wannan ya aiko mana don a yi sabo, abin da ake gani a cikinsa ba ya mantuwa: ƙasan robar baƙi ƙirin, tsatsar haƙori ta toshe tsakanin waya da roba, zaren nama da ɓawon gyaɗa na watanni sun daskare a lungu. Haƙoran gefe biyu da suke lafiya ƙalau sun fara girgiɗi, don aswaki bai taɓa kai wa wuyansu ba. Mutum ya je da giɓi ɗaya, ya koma da uku. Ga kuma kayan aikin da ake gogewa da tsumma daga baki zuwa baki, hanyar da ciwon hanta da sida ke bi. Ƙarfen da ya taɓa jini sai tukunyar tururi mai matsi, digiri 121 na minti 15 zuwa 20.

Ƙaramar roba mai haƙori ɗaya ko biyu ma tana da nata haɗarin, wanda ba a cika faɗa ba. In ba ta da maƙalai na waya, ko ta saki, ana haɗiye ta da loma ko cikin barci. Rezin ba ya fitowa sosai a hoton radiyo, don haka nemanta a maƙogwaro wahala ne, wani lokaci sai an yi aiki. Maƙalan da wayar da ba ta tsatsa ake lanƙwasa su, mai kaurin milimita 0.7 zuwa 0.9, kuma likita ne ke zaɓar haƙorin da zai iya ɗaukarsu. Haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi ma a duba: in bakin hular da aka rufe haƙorin da ita bai zauna daidai da wuyan haƙori ba, ruɓa tana ci a ƙarƙashi ba a sani ba, sai ranar da zafi ya hana barci.

Gaskiya ne likitocin haƙori sun yi kaɗan a jihar nan, kuma mutumin ƙauye da ya biya kuɗin mota sau biyar ya ji a jikinsa. Wasu ƙasashe sun nemi mafita ta hanyar doka. A Kanada mai ƙera haƙoran cirewa yana da karatunsa da lasisinsa, yana karɓar mutane kai tsaye. A Amurka jihohi kaɗan ne suka yarda, irin su Oregon da ta amince ta hanyar ƙuri'ar jama'a a 1978. A Ingila wanda ya yi ƙarin karatun asibiti yana iya yi wa marar haƙori ko ɗaya cikakken saiti da kansa, amma in akwai sauran haƙora a baki sai da takardar likita. Maƙwabtanmu na Najeriya suna da hukumar rajistar masu fasahar haƙori tun 1987. Duk inda aka faɗaɗa aikin, da ƙarin karatu, jarabawa da rajista aka faɗaɗa shi, kuma ba inda aka ba mai ƙera haƙori izinin cirewa ko feƙe haƙori mai rai. A ganina tsarin Ingila ya fi dacewa a duba shi a nan, da ɗan gyara: likita ya duba baki ya ba da shaidar lafiya, ƙwararren da ya ci jarabawa ya ƙarasa cikakken saiti, sunansa kuma yana cikin rajistar da kowa zai iya tambaya. Kafin a kai can, mai labo ya tsaya a teburinsa, ya ajiye takardar kowane aiki: sunan likita, ranar awo, launin haƙora, irin rezin da aka dafa.

Bayan sanyawa, a koma wurin likita cikin kwana biyu zuwa mako ɗaya don a sassabe inda ke ciwo, kada a goge da wuƙa ko takardar yashi a gida. A cire da dare a sa a ruwan sanyi, domin ganɗar da ba ta hutawa tana yin ja da farin gansakuka. Ruwan zafi yana murɗe roba, manne na kanti kuma yana ɓata bakin karaya har gyaranta ya gagara. Karayar faɗuwa aikin teburi ce, a kawo guntayen duka a leda mu haɗa. Amma saitin sama da ya tsage a tsakiya sau biyu a wuri ɗaya, ba faɗuwa ya yi ba, ƙashi ne ya zaizaye har robar ke lilo a kan ganɗa, kuma ko sau nawa aka liƙa zai sake tsagewa. Irin wannan sai likita ya ɗauki sabon awo da robar kanta a cikin baki, ya aiko mu sake cika cikinta.