Daren Wasan Wuta a Masaukinmu na Atami

Masaukin baƙi nake da shi mai ɗakuna takwas a Atami, garin bakin teku da ke jihar Shizuoka a ƙasar Japan, kuma huɗu ne kawai daga cikin ɗakunan tagoginsu ke fuskantar ruwa. Waɗannan huɗun su ne jarina, domin da zarar an fitar da ranakun wasan tartsatsin wuta na lokacin zafi, ana kama su tun watanni kafin ranar, sauran kuwa sai an yi ragi.

An fara wannan wasa a 1952 domin ƙarfafa gwiwar mutanen gari bayan guguwar 1949 da gobarar 1950, wadda ta cinye tsakiyar garin. A yanzu ana yin sa fiye da sau goma a shekara, amma na Yuli da Agusta ne ke cika gari. Duwatsu sun kewaye Atami ta ɓangarori uku, saboda haka idan aka harba wutar daga tashar jiragen ruwa, ƙarar takan bugi duwatsun ta dawo har gilasan tagogi su girgiza.

Wasan ba ya kai rabin sa'a, amma shi ke juya aikinmu na yini guda. Ana farawa bayan ƙarfe takwas na dare, don haka dole ne kowane baƙo ya yi wanka a ruwan zafin maɓuɓɓuga, ya sa yukata (doguwar rigar gargajiya ta Japan marar nauyi), ya gama cin abinci tun kafin lokacin. Nakan ɗauki ma'aikata biyu na wucin gadi saboda a kai kifi da shinkafa ɗakuna takwas kusan lokaci ɗaya, sannan mu yi shimfiɗu yayin da baƙi suke bakin teku.

Ruwan sama bai cika hana wasan ba. Abin da nake tsoro shi ne daren da iska ta tsaya cik, domin hayaƙi yakan taru ya rufe wutar, wanda ya biya kuɗin ɗaki mai tsada kuma ni zai tuhuma da safe. Haka kuma jirgin ƙasa na Shinkansen yana kai mutum Tokyo cikin ƙasa da sa'a ɗaya, shi ya sa da yawa sukan kalla su koma gida a daren, ba tare da sun kwana a wurin kowa ba.